Zaure Uku da Ƙofa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga gidan ƙasa irin na cikin birni, na Kano ne ko na Zazzau ko na Katsina, ya san ba a faɗa wa tsakar gida kai tsaye daga kan titi. Akwai zauren farko inda maigida ke shimfiɗa buzu ya karɓi gaisuwa. In an wuce shi sai ɗan fili, sai shigifa, wani gidan ma sai an ratsa soro na uku kafin a ji ƙarar turmi. Magina kuma ba sa jera ƙofofin nan saitin juna. In ta farko ta dubi gabas, ta biyu sai ta kauce gefe, don kada mai wucewa ya hango matan gida. To a ce ka sa mutum biyu su kwatanta maka irin wannan gida. Ɗaya tsohon bara ne, ya tsufa yana shige da fice a cikinsa, da rana da duhun asuba. Ɗayan safiyo ne da ya zo da igiyar awo da takarda. Bara zai ce maka taki huɗu ka karkata hagu, nan ake tuɓe takalmi, can ake tsayawa a yi sallama, wancan ginshiƙin kuwa kada ka kuskura ka taɓa shi, shi ya riƙe rufin. Safiyo ba ruwansa da sallama. Zai zana kaurin katanga, ya ƙirga azara, ya bi ruwan sama har inda yake fita ta indararo.

Irin wannan rabuwar ce tsakanin tsoffin likitocin Indiya, masu ilimin da ake kira Ayurbeda, da likitocin asibiti na yau, a kan ƙarshen babban hanji da dubura. Gaɓa ce da ba a ambata a gaban suruki, amma ita ce ke tara wa mai lasifika jama'a ranar kasuwa, saboda haka ba wani jin nauyi. Inda ta saɓa da zaurenmu ɗaya ne: wannan na fita ne kawai, baƙon daga cikin gida yake tahowa.

Littafin da ya fi tsayawa a kanta shi ne Sushruta Samhita, kundin tiyata da aka rubuta da harshen Sanskirit, ake danganta shi da birnin Banaras na bakin kogin Ganga. Ba mutum ɗaya ya zauna ya rubuta shi ba. An yi ta ɗora masa ƙari tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har ƙarnuka bayanta, kuma a zamanin Abbasiyawa an juya shi zuwa Larabci a Bagadaza. A babin basir, littafin ya ce wannan sashe yana manne da ƙarshen babban hanji, tsawonsa faɗin yatsa 4 da rabi. A cikinsa akwai ninki uku, wani bisa wani, tazarar yatsa 1 da rabi a tsakaninsu, suna murɗe kamar cikin katantanwa, launinsu irin na gandar giwa. Na can ciki sunansa Prabahini, mai tunkuɗowa. Na tsakiya Bisarjani, mai saki. Na bakin ƙofa Sambarani, mai rufewa, kuma daga shi zuwa leɓen dubura yatsa 1 ne. Ɗaya babban kundin, na Caraka, ya raba wurin gida biyu, na sama da na ƙasa. Mai sharhinsa Cakrapani, wanda ya rayu a ƙarni na 11, ya ce na saman ma'ajiya ce, na ƙasan mafita.

Yadda aka yi Sushruta, likitan da ake jingina wa kundin tiyatar, ya ga haka kuwa, littafin bai ɓoye ba. A samu gawar da gaɓoɓinta suka cika, wadda ba guba ta kashe ba, ba doguwar jinya ba, ba kuma tsufa tukuf ba. A fitar da abin da ke cikin hanji, a naɗe ta da ciyawa ko ɓawon itace, a sa a keji, a nutsar a wani ɓoyayyen wuri cikin kogi har kwana 7. In ta yi laushi sai a fito da ita, a riƙa goge ta a hankali da burushin saiwar ciyawa ko na gashi ko na gora, fata ta tafi, abin da ke ƙarƙashinta ya bayyana, har a kai ga ƙashi. Babu wuƙa a darasin. Ɗalibin da ya koya ta wannan hanya zai ga ƙashi da tsoka da naɗin hanji sarai. Siraran jijiyoyi dai, da ƙananan ramukan da ba su kai kan allura ba, ruwa ya riga ya narkar da su ya wuce. Ƙasusuwan ma 300 ya ƙirga, inda littafin yau ke cewa 206, don ya haɗa da haƙora da guringuntsi.

Ni dai a ganina ba a kogi Sushruta ya san wannan gaɓa ba, a jikin masu rai ya san ta. Dubi yadda ya ce a duba mai basir. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙugunsa, a ɗaure wuya da ƙafafu da ƙyalle don kada ya fizge, a juya shi yadda duburar za ta fuskanci rana, tunda ita ce fitilar da ake da ita. Sannan a shafa man shanu a wani bututu mai siffar kan nonon saniya, na ƙarfe ko hauren giwa ko ƙaho ko itace, tsawonsa yatsa 4, kewayensa yatsa 5 in na namiji ne, 6 in na mace ne. A gefensa akwai taga; tsiron basir yana faɗowa cikin tagar, likita ya gan shi da hasken hantsi, ya shafa masa magani ba tare da ya taɓa lafiyayyen nama ba. Wanda ya taɓa ganin ɗan bututun da likitan tiyata ke amfani da shi yau a ɗakin duba marasa lafiya zai gane jikan wancan ne, sai dai an ƙara masa ƙwan lantarki.

Yanzu a yi lissafi. Faɗin yatsan baligi bai cika santimita 2 ba. Yatsa 4 da rabi ke nan santimita 8 zuwa 9, kusan daidai inda manuniyar likita ke iya kaiwa in ya tura ta ya ɗan danna. Ma'ana, iyakar da Sushruta ya yanka wa wannan gaɓa ita ce iyakar yatsansa da bututunsa. Ya auna zauren ne da takinsa, ya raɗa wa kowane sashe suna daga aikin da ya ji yana yi.

Shi ya sa ba na tare da masu neman sai sun ɗora ninki ukun nan a kan zanen littafin zamani dole-dole. A 1830 wani masanin gaɓoɓi a Dublin, John Houston, ya bayyana wasu naɗe-naɗe da ke gicciye a cikin sashen ƙarshe na hanji, galibi guda uku. Uku da uku, sai zance ya yi daɗi: ai Sushruta ya riga Houston da shekaru sama da dubu. To amma naɗin Houston suna farawa ne daga wajen santimita 5 daga baki, su haura har sama da 10, adadinsu ma yakan bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma ba su rufe komai. Sambarani kuwa faɗin yatsa ɗaya ne daga leɓe, aikinsa rufewa. Ga kuma hujjar da ta fi: Sushruta ya ce a kan waɗannan ninki basir ke tsirowa, alhali basir ba ya tsirowa a naɗin Houston, a santimita 4 na ƙarshe yake zama. Malaman Ayurbeda na yau su kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani ya ce na ciki da na tsakiya na Houston ne, wani ya ce a'a, tsokokin maƙura ne. In aka tilasta wa bara ya nuna "inda ake sallama" a takardar safiyo, zai yi ta lalube, don ba katanga ba ce, wuri ne da wani abu ke faruwa.

Ga abin da safiyo ya tarar da ya ɗaga rufin. Sashen sama, mai tsawon santimita 12 zuwa 15, fili ne mai buɗewa, kuma yawancin lokaci kusan wayam yake, sai hanji ya turo kaya, sau da yawa bayan an ci abinci. Daga nan hanya ba ta miƙe ba. Wata tsoka ta taso daga ƙashin mara, ta zagaya ta bayan hanjin kamar majanyi, ta koma inda ta fito, ta ja shi gaba har ya yi kwana kusan digiri 90. Wannan ita ce kaucewar ƙofar shigifa, kuma kaso mai yawa na riƙe bayan gida mai tauri a kanta yake. In mutum ya tsuguna sai majanyin ya saki, kwanar ta buɗe, hanya ta miƙe. Bayan kwanar sai mashigi na ƙarshe, mai wajen santimita 4, kuma ƙyaure biyu gare shi, wani cikin wani. Na ciki bangon hanjin ne ya yi kauri ya zama zobe. Ba ya karɓar umarni daga kowa. Kana barci yana rufe, kana tafiya yana rufe, kuma mafi yawan matsewar da ke wurin in mutum na zaune ƙalau daga gare shi take. Na waje tsoka ce irin ta dantse, mai jin magana. Ita ce sakatar da maigida ke turawa da hannunsa, tana da ƙarfi amma tana saurin gajiya, ba ta iya dogon riƙo da cikakken ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake tantance baƙo. Da zarar filin sama ya cika ya buɗe, ƙyauren ciki yakan ɗan sassauta da kansa na daƙiƙu kaɗan. Wani likitan Ingila, William Gowers, ya lura da haka tun 1877. A wannan ɗan lokacin abin da ya zo yana taɓa fatar saman mashigin, wadda ke cike da jijiyoyin ji, ita kuma ta kai rahoto: iska ce, ruwa ne, ko mai tauri ne. Kamar yaron da ke zaure ne ya ɗan ɗaga asabari ya leƙa, ya koma ya faɗa wa maigida wanda ke sallama. Mutum na tsaye a sahun Juma'a, ciki ya motsa, nan take ya san mene ne, ya tura sakata har liman ya sallame, filin saman kuma ya ƙara buɗewa ya karɓi kayan, matsin ya lafa. Bai san an yi duk wannan shawara a jikinsa ba.

In aka karanta sunayen nan uku a matsayin ayyuka, sai su zauna daram. Tunkuɗowa, saki, rufewa: haka abin yake bi da bi, daga sama zuwa ƙasa. Haka ma batun iskar da Ayurbeda ke kira afana, wadda aka ce mazauninta ƙasan ciki, ita ke fitar da bayan gida da fitsari da maniyyi da jinin al'ada da ɗan da ke ciki. Babu wata iska mai wannan aiki, an buɗe an duba. Amma jijiyoyin da ke fitowa daga gaɓa ta 2 zuwa ta 4 na ƙashin da ke gindin gadon baya su ne ke kula da mafitsara da dubura da al'aura gaba ɗaya, shi ya sa wanda ya karye a ƙasan baya yakan rasa su tare. Tsoffin likitocin ba su ga jijiyar ba. Sun dai lura waɗannan ayyuka 'yan ɗaki ɗaya ne, suka sa su ƙarƙashin mai gida ɗaya.

Akwai kuwa abin da yatsa ba ya ji, kuma shi ne jigon ilimin yau a wannan wuri. Wajen santimita 2 daga baki akwai wani layi mai zarƙaƙƙiya kamar haƙoran zarto, a gindin wasu ƙananan ginshiƙan nama da ake kira da sunan Morgagni, malamin jami'ar Padua ta Italiya a ƙarni na 18. Wannan layi shi ne dokin ƙofa na gaskiya, inda cikin gida ya ƙare, waje ya fara. Tun ɗa na cikin mahaifa, hanji ke sakkowa daga sama, fata ta lotsa daga ƙasa, su haɗu a nan, ɗan yanar da ke tsakaninsu ya yage cikin wata na 2. In haɗuwar ba ta yi daidai ba sai a haifi jariri ba mafita, abin da kan faru ga wajen 1 cikin 5,000. Sushruta ya ce gaɓar daga ɓangaren uwa ake samunta, kuma daga tataccen jini da majina take ƙulluwa, zafi ya dafa, iska ta huda. Wannan bayani ba shi da madafa a yau.

Sama da layin da ƙasa da shi kamar unguwa biyu ne masu hakimi daban. A sama, fatar irin ta hanji ce, ba ta san zafin yanka ba, jininta kuma hanta yake nufa. A ƙasa, fata ce mai ji kamar ta leɓe, jininta ya bi babbar hanyar komawa zuciya, kuma in ciwo ya kama ta kaluluwar cinya ce ke tashi. Wannan layi ɗaya ya warware abubuwa da dama. Shi ya sa basir na ciki ke zubar da jini ja wur ba tare da ciwo ba, ɗan tsagewa kuwa da bai kai ƙwayar shinkafa ba, in a ƙasan layi yake, sai ya sa ƙato ya riƙa tsoron shiga bayi. Shi ya sa likita ke iya ɗaure basir da ɗan zoben roba, dabarar da wani likita, Barron, ya yaɗa a 1963, majinyaci ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. In zoben ya sauko ƙasan layi da kaɗan, a nan take zai yi ihu a cire. Kuma shi ya sa ciwon dajin da ya tashi a sama yakan fara aika 'ya'yansa hanta.

A kan basir kansa, Sushruta ya ce tsiron nama ne da ke fitowa a jikin ninkin nan idan sinadaran jiki uku da tsarin Ayurbeda ya ginu a kai suka ɓaci, musamman ga mai raunin wutar ciki. Ya kasa shi gida 6, ya ba da hanyoyin magani 4: na sha da shafawa, ruwan toka mai ƙuna, lalas da wuta, sai wuƙa. Cikin dalilan da ya lissafa akwai dogon tsuguno, yawan hawan dabba, da danne bayan gida in ya zo. Likitan yau zai gyaɗa kai a kan wasu, ya ƙara da taurin bayan gida, yunƙuri, juna biyu, da zaman masai ana latsa waya. Inda aka rabu shi ne asalin abin. A 1975 wani likitan Ingila, W. H. F. Thomson, ya nuna cewa ba sabon tsiro ba ne ko kaɗan. Kowa yana da wasu matasai uku na nama mai cike da jini a saman mashigin, ɗaya a hagu, biyu a dama, tun daga haihuwa. Su ne tsumman da ake cusawa ƙarƙashin ƙyaure da hunturu. Ƙyaure ya rufe, amma su ke toshe 'yar kafar da ta rage. Idan zaren da ke riƙe da su ya saki, suka kumbura suka zamo ƙasa, shi ne basir. Ashe abin da mai lasifika ke alkawarin zai fitar maka da shi gaba ɗaya, har da wanda ya ce ya hau baya ya kashe ƙarfin namiji, kayan gida ne da ba a so a rasa. Likitan da ya kwashe su duka zai bar mutum yana ɓata wando.

Duk da haka akwai wata ƙa'ida ta tsoffin da ta cancanci a jinjina mata. Sun ce basir ɗin da ke ninkin waje, wanda bai shekara ba, yana da sauƙin magani. Na tsakiya da wuya. Na can ciki kuwa ba ya warkewa. A ilimin yau ba haka ake auna tsananin basir ba, ana duba yadda yake fitowa ne da ko yana komawa da kansa. Amma ga mai aiki da hasken rana, ba allurar barci, ba ƙarin jini, ba hanyar ɗaure jijiyar da ta ɓalle a can ciki, wannan ƙa'ida ce ta tsira da ran majinyaci. Kuma ƙullutun da yatsa ya taɓa a can ƙurya, mai tauri, mai jini, wanda ba ya jin magani, sau da yawa ba basir ba ne ma.

Wannan tsoron ne ya sa suka lissafa dubura cikin wurare 107 da suke kira marma, makasa ke nan, har suka sa ta a sahun waɗanda rauninsu ke kashewa nan da nan. An ɗan yi zuzutawa, amma ginshiƙin da bara ya ce kada a taɓa yana nan da gaske. An fi ganin haka a cutar da suke kira bagandara, wato yoyon dubura: maruru ya fito a gefe, ya fashe, ya ƙi warkewa, ya zama rami mai tsiyayar mugunya wanda ɗaya bakinsa ke can ciki. Sushruta ya kasa shi 5 bisa kamanni, akwai mai huji barkatai kamar rariya, akwai mai dogon wuya kamar raƙumi, akwai mai murɗewa kamar katantanwa, akwai wanda ɗan ƙashin da aka haɗiye ya huda. A kan mai huji da yawa ya yi kashedi: kada a tsaga hanyoyin duka lokaci guda, a buɗe ɗaya, a bari ta warke, sannan a koma kan wata, in ba haka ba wurin zai wage, mutum ya kasa riƙe komai. A 1934 Milligan da Morgan, likitocin asibitin St Mark's na Landan, wanda aka kafa a 1835 musamman don irin waɗannan cututtuka, suka nuna ainihin abin da ake gudu: zoben tsokar da ke daidai kwanar nan. In wuƙa ta raba shi, riƙo ya tafi.

Mafarin ramin kuwa sai a ƙarni na 20 aka tabbatar da shi. A gindin layin haƙoran nan akwai 'yan ramuka, a cikinsu wasu ƙananan magudanai masu fitar da yauƙi ke buɗewa, wasunsu sun nutsa har tsakanin ƙyauren ciki da na waje. In ɗaya ta toshe ta ruɓe, mugunya ta taru, sai ta haƙa hanya ta ɓulla ta fata, kamar ramin ɓera da ya fara daga cikin zaure ya bi ta bayan madogaran ƙofa ya fita titi. Wani likita, Alan Parks, ya kafa hujjar haka a 1961, kuma a 1976 shi da abokan aikinsa suka kasa yoyon gida 4, ba bisa kamanni ba, bisa yawan tsokar da ramin ya ratsa. Wannan shi ne rabon da likita ke buƙata, don shi ke gaya masa ko zai iya tsagawa ko ba zai iya ba. Irin waɗannan magudanai ba za su taɓa ganuwa a gawar da ta kwana 7 a ruwa ba.

To yaya ake buɗe ramin da ya bi ta bayan madogara ba tare da ƙofa ta faɗi ba? A nan ne Indiya ta adana wata dabara mai kyau. Zura zare a ramin a ɗaure ba nasu ba ne su kaɗai, yana cikin rubuce-rubucen Girkawa da ake jingina wa likita Abukarat. Nasu zaren dai mai magani ne, kisharasutra, kuma Sushruta ya ambace shi don raunana da matsorata da ramukan da ke makasa. A shekarun 1960 Farfesa P. J. Deshpande na Jami'ar Hindu ta Banaras ya farfaɗo da shi ya daidaita haɗinsa. Zaren tiyata ne na lilin, ana shafe shi sau 21 ana busarwa: sau 11 da farin ƙaron wata shuka dangin tinya, sau 7 da ƙaron haɗe da gishirin tokar ƙaimin ƙadangare, sau 3 da ƙaron haɗe da garin kurkur. A zura shi ta bakin waje ya fito ta na ciki, a ɗaure, a sauya sabo duk mako. Yana cin naman a hankali, bayansa kuma na warkewa yana haɗewa, saboda haka babu ranar da tsokar ta rabu biyu gaba ɗaya. Magini ke nan da ke fasa bango taƙi-taƙi yana liƙe inda ya wuce.

Ba a bar shi a zancen baki ba. Majalisar binciken lafiya ta Indiya ta gwada shi a asibitoci da dama, ta fitar da sakamako a 1991. Majinyata 502 aka raba biyu, wasu zare, wasu wuƙa. Masu wuƙa sun fi saurin warkewa, wajen mako 4, masu zare wajen mako 8. Amma cutar ta dawo wa 11 cikin 100 na masu wuƙa, masu zare kuwa 4 cikin 100. Zaren yana da zafi, ranar sauyi ba ranar dariya ba ce, kuma a rami mai rassa da yawa ko wanda ya haura sama sosai ba ya wadatarwa shi kaɗai. Sannan mai zura shi yau, in yana da hankali, da hoton na'urar maganaɗisu yake fara bin sawun ramin, ya san ko ta cikin tsoka ya bi ko ta gefenta, ya kuma tabbatar ba tarin fuka ko wata cutar hanji ce ta haddasa shi ba.

Haɗarin yana ga wanda ya ɗauka gidan ya ƙare a inda yatsa ya tsaya. Sama da yatsa 4 da rabin nan akwai babban hanji mai tsawon kusan mita 1 da rabi, kuma jinin da ciwon daji ke zubarwa daga can ba ya zuwa da takardar shaida. Dattijon da ya ga jini, ko bayan gidansa ya sauya hali na makonni, ko yake ramewa ba dalili, in aka ce masa basir ne aka ba shi jiƙo, a Banaras ne ko a ko'ina, an cuce shi, har sai an zura doguwar na'ura mai kyamara an leƙa.

A Indiya wannan muhawara ba ta malaman tarihi ba ce kawai, ta kai ga wa ke da izinin riƙe wuƙa. Ɗaliban kwalejojin Ayurbeda suna feɗe gawa a shekarar farko kamar takwarorinsu, suna haddace ninki uku, suna kuma zana tsokoki da jijiyoyi don jarrabawa. A watan Nuwamban 2020 hukumar da ke kula da karatun ta ba da sanarwar cewa masu digiri na biyu a fannin tiyatar Ayurbeda za a horar da su kan ayyuka 58, ciki har da na basir da yoyon dubura. Ƙungiyar likitocin Indiya ta tashi tsaye, ta yi yajin aikin awa 12 ranar 11 ga Disamba, ta kuma kai ƙara Kotun Ƙoli. Masu goyon bayan sanarwar sun ce ai an daɗe ana waɗannan ayyuka a asibitocin koyarwarsu, kuma karkara na ƙarancin likitocin tiyata. Ƙungiyar ta ce tiyatar yau ba yanka kaɗai ba ce. Akwai allurar barci, da maganin ƙwayoyin cuta, da abin da za a yi in jini ya ɓalle da tsakar dare, kuma duk daga ɗaya makarantar za a aro su.